Nasiha a kan Launin Fiffiken Malam-buɗe-littafi

Ya ku 'ya'yana, ɗaliban Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ina so in yi muku magana a kan wani abu wanda, saboda ƙanƙantarsa da yawan ganinsa, da wuya ka sami magidancin da zai yarda ya ɓata hantsi guda a kansa, alhali kuwa akwai malamai a gabas da yamma waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu wajen bincikensa, har yau kuma ba a ƙure shi ba. Watau launin da ke bisa fiffiken malam-buɗe-littafi da danginsa na dare masu kewaya fitila. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan mas'ala shi ne wata illa da ta yi yawa cikin masu karatu na wannan zamani, wadda take damuna ƙwarai: yaro ya iya haddace babi sukutum a kan halittun Allah, ya zuba shi a takardar jarrabawa ba tuntuɓe, amma in ka kama hannunsa ka kai shi gindin tumfafiyar da ke bakin hanya, ka ce ya nuna maka abu guda daga cikin abin da ya rubuta, sai ya tsaya yana zare ido, domin ba a taɓa gaya masa cewa abin da ke cikin littafin nan yana nan da ransa a ƙofar gidansu ba.

Duk wanda ya taɓa kama malam-buɗe-littafi da yatsu biyu ya san yakan bar masa wani gari mai laushi a hannu, wurin da aka riƙe kuma ya koɗe, har ana hango haske ta cikinsa. Yawancin mutane sun ɗauka ƙura ce, su goge a riga su wuce. To, da za a sa garin nan ƙarƙashin madubin ƙara girma, irin wanda ake ajiyewa a ɗakin gwaje-gwaje na manyan makarantu, sai a ga ashe kowace ƙwaya ɗan ɓawo ne falle guda, mai faɗi, da 'yar ƙafa a gindinsa wadda ke cuse cikin wani ɗan rami a fatar fiffiken, bakinsa kuwa sau da yawa da 'yan haƙora. Tsawonsa wajen kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, an jera su sahu bayan sahu, kowane sahu ya rufe gindin wanda ke biye da shi, dubbai bisa dubbai, ciki da bai. Galibi kowane ɓawo launi ɗaya gare shi tak, saboda haka zanen da ido ke gani, da ɗigo da layi da da'ira, duk daga jeren yake fitowa, wannan ɓawo baƙi, maƙwabcinsa fari, kowa a gurbin da aka ƙaddara masa. Ƙwayar halitta guda ce ke gina kowane ɓawo, a kwanakin nan da tsutsa ta daina ci ta rataye kanta ta zama kwanso. Idan ginin ya kammala sai ƙwayar ta mutu, ta bar busasshen ɓawo. Shi ya sa abin da ya goge a yatsunku ba ya sake tsirowa har abada, kuma shi ya sa nake roƙonku ku hana ƙannenku kama su domin wasa, gama cutar da abin da bai cutar da kai ba, kome ƙanƙantarsa, ba halin mai imani ba ne.

Kafin a gane yadda ɓawon ke samun launi, wajibi ne a san mene ne launin shi kansa. Waɗanda suka zauna karatun tauhidi a zaure sun ji malam yana lissafa launi cikin aradai, watau sifofin da ba su tsayuwa da kansu sai a jikin wani jirmi, suna zuwa kuma suna gushewa. Masu ilmin haske sun bi wannan aradi har gida. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar da hujja da gwaji cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne saboda hasken da ke tashi daga abu ya shiga ido, saɓanin abin da waɗansu magabata suka zata na cewa ido ne ke aika haske waje. Bayansa da kusan shekara 300, Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya ajiye shi a ɗaki mai duhu, ya bar haske ya shigo ta ƙaramar kafa, da haka ya warware yadda ɗigon ruwan sama ke haifar da bakan gizo. A 1704 kuma Newton na Ingila ya buga littafinsa inda ya nuna cewa hasken rana, wanda muke gani fari, ya tattara dukan launukan bakan gizo a cikinsa. Abin da wannan ke nufi shi ne, jan abu ya haɗiye sauran launukan ne ya mayar wa ido da ja, baƙi ya haɗiye kusan duka, fari kuwa ya mayar da kusan duka. Tambayarmu ke nan ta koma haka: ta wace hanya ɗan ɓawon nan yake zaɓar abin da zai riƙe da abin da zai mayar? Hanyoyin biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa mai yawa.

Ta farko ita ce hanyar rini, kamar dai yadda marini ke tsoma farin zane cikin karofi baba ya kama shi, wanda ko ka yayyaga zanen ka daka shi a turmi shuɗinsa na nan, domin launin yana cikin jikin sinadarin. Baƙi da ruwan ƙasa na fiffike daga melanin suke, shi ne kuwa sinadarin da ke cikin fatarmu da gashinmu. Ja da ruwan goro, a wurin da yawa daga cikinsu, daga wani dangin sinadari ne wanda ake samu har cikin idanun ƙwari. Amma wanda na fi so ku tsaya a kansa shi ne fari da rawaya. Ku duba bakin Gagare ko Bunsuru da damina, wurin da shanu suka sha ruwa suka tattake laka, za ku ga farare da masu ruwan ɗorawa sun yi cincirindo a kan danshi, fikafikansu a tsaye a haɗe, kowane ya miƙa ɗan siririn bakinsa yana tsotsar gishirin ƙasa, yawancinsu maza. In akuya ta gifta su tashi gaba ɗaya, su yi 'yan kewaye, su sake sauka a wurin. Tsutsotsin waɗansunsu ganyen tafasa da rai-ɗore suke ci, na waɗansu kuma ganyen anza. Sinadarin da ke ba irin waɗannan farinsu da rawayarsu ana kiransa terin.

Wani saurayi Bature mai suna Hopkins ya fara rubutu a kan wannan sinadari a 1889, a lokacin da mai hankali zai iya cewa wannan ai ɓata lokaci ne. Wannan saurayi shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka gano bitamin, har aka ba shi lambar Nobel a 1929, shekarar da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda. Masanan Jamus suka ɗora daga inda ya tsaya, suka tara fikafikai dubbai suka tace sinadarin, suka gano siffarsa. Da aka zo cikin shekarun 1940 ana binciken folik asid, sai aka tarar ashe terin ne ginshiƙi guda a jikinsa. Folik asid kuwa ita ce 'yar ƙwayar nan da ake ba iyayenku mata da yayyenku idan sun je awon ciki, domin ƙarin jini da kare jariri daga naƙasar laka da ƙwaƙwalwa. Ina gaya muku wannan ne domin za ku gamu da masu tambayarku, da zarar sun gan ku kuna duban ƙwaro, wai me za a ci a ciki. Ku amsa musu da ladabi, amma kada ku bar musu zuciyarku, domin Hopkins kansa, a ranar da yake jiƙa fiffike cikin ruwan zafi, bai san inda aikin zai kai ba.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, ita ce kuma ta fi bukatar natsuwa. Kusan duk shuɗin da kuka taɓa gani a fiffike, da shunayya mai walƙiya, babu shuɗin rini a cikinsa ko ƙwaya. Haske yana tafiya ne a matsayin igiya mai hawa da sauka, kowane launi da tsawon igiyarsa: ta shuɗi ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba, ta ja kuwa ta ɗara ta da kaɗan. A jikin waɗansu ɓawo an gina faifai sirara ƙwarai, falle bisa falle, da iska a tsakaninsu, kaurinsu bai kai tsawon igiyar haske ba. Idan haske ya sauka, wani sashe ya dawo daga falle na farko, wani ya ratsa ya dawo daga na biyu, wani daga na uku. To, launin da tazarar faifan ta dace da tsawon igiyarsa, igiyoyinsa sukan dawo a tare, tudu bisa tudu, su ƙarfafa juna, sauran launukan kuwa tudun wannan ya faɗa cikin kwarin waccan, su kashe juna, abin da ya ratsa ƙasa kuma melanin ya haɗiye shi. Thomas Young ne ya bayyana wannan ƙa'ida a farkon ƙarni na 19, amma ba a ga faifan da ido ba sai a 1942, lokacin da aka sa ɓawon wani babban shuɗin malam-buɗe-littafi na kurmin Amurka ta Kudu, mai suna Morpho, ƙarƙashin madubin lantarki. Ita ce ƙa'idar da ke sa wuyan tantabara ya yi kore ya koma shunayya in ta juya kai, ita ce kuma ke zana bakan gizo a kan kududdufin tashar mota inda baƙin mai ya zuba.

Kada ku karɓi wannan daga bakina a kan taƙlidi, domin abu ne da za ku iya tabbatarwa da kanku. Akwai wani ƙarami mai rawaya da baƙi da ke son sauka a kan busasshiyar turba ya shimfiɗa fikafikai a rana, yana da tabo shuɗi a fiffikensa na baya. Akwai kuma wani baƙi babba mai manyan fararen tabo, wanda kewayen tabon nan ke walƙiya da shunayya. In kun tsinci mataccen ɗayansu, a saƙar gizo ko a gaban mota, ku riƙe fiffiken a rana ku karkata shi sannu a hankali: rawaya da baƙi za su tsaya yadda suke, shuɗin kuwa zai yi ta sauyawa, shunayyar ma ta ɓace ɗungum ta sake bayyana. Sa'an nan ku ɗiga masa sifirit irin na wanke ciwo. Da ruwan ya kori iskar da ke tsakanin ɓawon, launin zai sauya ko ya dushe, da ya bushe kuma ya dawo. Wanda ya yi wannan gwaji sau ɗaya da hannunsa ya fi wanda ya haddace shafi goma sanin mas'alar, kuma ya koyi wani abu da zai amfane shi a gaban kowace magana da za a kawo masa, watau ya tambayi kansa ta wace hanya zai gwada ta.

Shi wannan baƙi mai fararen tabo yana da wani labari. A kan tumfafiya akwai wata tsutsa mai zobba fari da baƙi da rawaya, da 'yan ƙahoni masu laushi guda shida, wadda ke cin ganyen nan da ƙwari da yawa ke gudu saboda dafin da ke cikin nononsa. Dafin ba ya kashe ta. Takan adana shi a jikinta, ya bi ta cikin kwanso, ya fito tare da malam-buɗe-littafin da ta zama, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, mai ruwan goro da baƙin baki da fararen ɗigo, wanda a nan Afirka ta Yamma fiffikensa na baya galibi fari ne. Ku lura da tashinsa, a hankali yake yi, ba ya ɓuya, domin tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana irinsa ya sha ɗaci ba ya mance wannan launi. Launin ya zama sanarwa ke nan. To, matar baƙin nan mai fararen tabo, wadda ba ta cin tumfafiya, ba ta yi kama da mijinta ko kaɗan ba, sai ta fito da ruwan goro da baƙin baki da fararen ɗigo, har sai mai lura ƙwarai yake bambanta ta da na tumfafiya, tsuntsaye kuwa su ƙyale ta. Henry Bates, wanda ya yi shekara 11 yana tara ƙwari a kurmin Amazon, shi ya fara bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862. Abin da ya ƙetare teku ya gano, ga shi nan yana faruwa a kangon da ke kusa da makarantarku.

Waɗansu kuma ɓuya aka hore musu. Akwai wani mai ruwan ƙasa da ke fitowa dab da magariba ƙarƙashin mangwaro yana tsotsar 'ya'yan da suka faɗo, wanda tsutsarsa ke cin ciyawa da ganyen shinkafa, saboda haka mutanen fadamar Shinkafi ba za su rasa shi ba. Wanda ya fito da damina yana da da'irori masu kama da idanu a ƙarƙashin fiffikensa, waɗanda ke jan bakin maƙiyi zuwa gefen fiffike maimakon jiki. Wanda ya fito da rani kuwa idanun sun ƙanƙance ko sun ɓace, ya zama tamkar busasshen ganye cikin busassun ganyaye, alhali iri ɗaya ne, wannan ɗan wancan ne. Masu bincike a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, da suka yi ta kiwon wani danginsa da aka ɗauko daga Malawi, sun tabbatar cewa zafi ko sanyin da tsutsa ta samu dab da shiga kwanso shi ke zaɓar rigar da za a fito da ita. Su ma na dare, masu ruwan toka da ruwan ƙasa waɗanda kuke rainawa, launinsu na rana ne, domin da rana suke kwana manne da ɓawon itace, tsuntsu ya wuce bai gan su ba. A Manchester ta Ingila an ga baƙin wani irinsu mai fari da ɗigo-ɗigo a 1848, lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa. Kafin 1895 baƙaƙen sun kai 98 cikin 100 a wannan gari, domin fararen sun zama abin gani ga tsuntsaye, da aka tsabtace iska kuma fararen suka dawo. A 2016 aka gano ainihin wurin da canjin ya auku cikin ƙwayoyin gadonsu.

Wataƙila wani a cikinku zai ji tsoro a ransa, ya ce shin bin diddigin sababi irin wannan ba zai rage wa mutum ganin ƙudurar Ubangiji ba? Ni dai ban ga haka ba, kuma ban ji haka daga malaman da na yarda da su ba. Sanin sababi ƙarin sani ne ga hikimar Wanda Ya sanya sababin. Wanda ya ce fiffike yana da kyau ya faɗi gaskiya, amma wanda ya san cewa shuɗin nan an gina shi ne da iska da faifan da ido ba ya gani, bisa awon da ya dace da igiyar haske, tasbihinsa ya fi nauyi, domin ya san abin da yake yi wa tasbihi. Ku koma ga Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28, ku ga yadda aka jero saɓanin launukan 'ya'yan itace da duwatsu da mutane da dabbobi, sa'an nan nan take aka ambaci malamai da tsoron Allah. Ku tambayi malamanku tafsirin wannan jeri. Magabatanmu ba su ɗauki duban ƙwaro abin kunya ba: Jahizu na Basra ya cika mujalladai da labarin dabbobi da ƙwari, haka Damiri na Misira wanda ya rasu a 1405.

Na san halin da ƙasarmu take ciki, na san dajin da iyayenku suka yi kiwo da itace a cikinsa ba tare da fargaba ba ya zama wurin da ba a shiga, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Ban kuwa ce kowa ya fita bayan gari ba. Abin da nake nema gare ku yana cikin gari. Nijeriya tana da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, mafi yawansu a kurmin kudu. Namu na nan arewa kaɗan ne, wannan kuwa sauƙi ne ga mai farawa, domin cikin damina biyu yaro mai himma zai iya sanin galibin na unguwarsu da ido.

Ku nemi tsutsar tumfafiya wadda ta girma, ku sa ta cikin gwangwani mai faɗi ko kwalba, ku rufe bakin da tsumma mai shara-shara, ku ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kaiwa. Kullum ku sa mata sabon ganye ku zubar da kashinta, ku kuma kiyayi nonon tumfafiya, kada ya kusanci idanunku, ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa shi, domin yana yi wa ido lahani. Za ta daina ci, ta hau sama ta rataye da ƙafafun baya, ta tuɓe fatarta ta zama kwanso, kore mai haske ko ruwan hoda, da ɗigo-ɗigo masu ƙyallin zinariya, waɗanda su ma babu zinariya a cikinsu, aikin faifai ne da haske. Kada ku taɓa shi. Bayan mako guda ko ɗan fiye, gwargwadon zafin gari, fatar kwanson za ta yi garau, ku ga fiffiken a naɗe a ciki, ƙarami, da ruwan goronsa da baƙinsa da fararen ɗigonsa. In kun yi ta dubawa safe da yamma a kwanaki biyun ƙarshe za ku lura cewa launukan ba tare suke zuwa ba, masu haske ke riga, baƙi ne na ƙarshe. Yakan fito da safe, fikafikansa a yamutse, ya rataye yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu har su miƙe. Ku ba shi sa'a biyu ya bushe kafin ku sake shi. Duk wannan ku rubuta shi a littafi guda da kuka keɓe: ranar da kuka ɗauko tsutsar, da unguwar, da ranar da ta rataye, da ranar fitowa, da launin fiffiken baya, fari ne ko ruwan goro, mai waya ya ɗauki hoto, marar waya ya zana da fensir. Idan hunturu ya wuce, ku kai wa malamin kimiyya na makarantarku, ku roƙe shi ya haɗa naku da na sauran 'yan ajin, ya kuma aika wa takwarorinsa na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura su gwama da na ɗalibansu, a ga ko kwanakin kwanso na watan Agusta sun yi daidai da na lokacin hunturu.